Yarona bai taɓa kwana da yunwa ba, amma tamowa ta kama shi

Ni mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Gumel, jihar Jigawa, ta wajen hanyar Maigatari. Gero da wake da riɗi muke nomawa, sai 'yar gyaɗa idan damina ta yi albarka. Na yi makaranta zuwa aji uku na ƙaramar sakandare kafin a yi mini aure, kuma ɗan karatun nan ne ya sa yau nake iya riƙe waya in rubuta abin da ya same ni. Ina rubutawa ne saboda mata irina, waɗanda ake yi wa kallon masu sakaci idan 'ya'yansu suka rame, alhali Allah ya sani ba su taɓa barin yaro ya kwanta ciki wayam ba.

Yarona na uku yana da shekara ɗaya da 'yan watanni na samu wani cikin. A wajenmu da zarar ciki ya bayyana, magana ta ƙare: nonon ya gurɓace, idan yaro ya ci gaba da sha zai yi ta zawo. Haka aka yi wa iyayenmu, haka aka yi mana. Rana ɗaya aka yaye shi, aka mayar da shi ɗakin Inna, mahaifiyar maigidana. Inna kuwa ba ta haɗa yaron nan da kowa ba. Da sassafe ta dama masa koko, da hantsi koko, da rana fura da ruwa don nono ya yi tsada a lokacin, da dare ta lakato masa tuwo a miyar kuka. Kokon tsararo take yi masa, don kada ya shaƙe shi. Yana sha har cikinsa ya yi tim, ta goge masa baki ta ce, "Alhamdu lillahi, mijina ya ƙoshi."

Da damina ta kankama, rumbu ya yi ƙasa, sai zawo ya sa shi gaba. Ya tsaya kwana biyu, ya dawo. Zazzaɓi ya biyo baya. Yaron da ya fara takawa yana bin kaji a tsakar gida ya koma zama wuri ɗaya, ba wasa, ba dariya, ko kuka ma sai a hankali. Gashinsa ya yi laushi ya koma jaja-jaja, kana shafawa yana biyo hannu. Aka ce haƙori ne. Aka ce shawara ce. Wata maƙwabciya ta ce a bincika, kada a ce baki ne. Aka yi jiƙo, aka karɓo rubutu, aka yi hayaƙi. Daga baya ƙafafunsa da kumatunsa suka ciko, sai gida ya ɗan samu natsuwa, ana cewa ga shi nan ya fara murmurewa.

Matan da ke bi gida-gida suna ɗiga wa yara maganin shan inna su ne suka fara gane abin. Ɗaya daga cikinsu, dattijuwa, ta tsuguna gabansa ta kama ƙafafunsa biyu, ta danna bayan kowace ƙafa da babban yatsa, ta ƙirga ɗaya, biyu, uku, ta ɗaga. Wurin ya lotsa, ramin yatsanta ya zauna bai taso ba. Ta ciro wani ɗan tsiri mai launi uku ta zagaya shi a damtsensa na hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ta ja a hankali. Ya tsaya a kan ja. Ta dube ni ta ce, "'Yata, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Tamowa ce mai tsanani. Kada ku kai gobe." Daga baya na san cewa jan yana nufin damtsen bai kai santimita 11.5 ba, ruwan ɗorawa daga nan zuwa 12.5, kore kuma sama da haka. Kumburin ƙafa biyu kuwa, ko tsirin ya nuna kore, shi kaɗai ya isa a garzaya asibiti.

Inna ta ji zafin kalmar nan ƙwarai. Ta ce, "Tamowa a gidana? Yaron da nake ba shi sau huɗu, sau biyar?" Gaskiya ta faɗa, kuma ni shaida ce. Duk da haka ita ce ta goya shi, ni ina biye da tsohon ciki, Malam, maigidana, ya nemo mana babur.

A asibiti aka fara ba shi abincin tamowa na leda a gwada ko zai ci. Ya kawar da kai. Nan take aka ce sai an kwantar da mu. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne irin abincin da aka fara ba shi: wata madara tsararo a ɗan kofi, kaɗan-kaɗan, duk bayan awa biyu, har cikin dare ana tashinmu. F-75 suke kiranta, saboda kowane mililita 100 nata yana ɗauke da kalori 75. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki. Washegari Inna ta aika gida aka kawo tuwo da romon kaza, ta ce yaron da aka ce yunwa ce ke cinsa ai ba da wannan ruwan za a tashe shi ba. Malamar jinyar da ke kula da ɗakin ta zo ta zauna a bakin gadonmu. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Inna, ku ci kazar nan ke da 'yarki, ita ma tana da buƙata. Shi dai a yau idan ya ci ta, za ta iya kashe shi." Sai ta yi mana bayanin da har gobe ina riƙe da shi, don a daren nan da dararen da suka biyo baya na yi ta tambayarta tana maimaita mini.

Ta ce abincin da muka haɗiye bai zama namu ba tukuna, sai jiki ya farfasa shi ya tsotse. Aikin daga baki yake farawa: haƙora su niƙa, miyau kuma yana da wani sinadari da ke fara mayar da sitacin hatsi sukari, shi ya sa idan ka daɗe kana tauna gurasa za ka ji ta fara zaƙi. Daga nan ya gangara tumbi, inda ruwa mai tsami ƙwarai ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta, ya fara warware nama da wake da ƙwai. Babban aikin a ƙaramin hanji ake yinsa, wanda a jikin babban mutum tsawonsa ya kai wajen mita 6. A nan ruwan maɗaciya da hanta ke yi yake tsinka mai da kitse, wasu ruwayen kuma su ƙarasa farfasa sauran. Bangon hanjin nan ba sumul yake ba, cike yake da ƙananan tsinkaye masu laushi da ido ba ya iya rarrabewa, kuma ta cikinsu ne abinci ke ratsawa ya shiga jini. Hatsi da rogo da dankali su zama sukarin jini, wanda ake kira gulukos. Wake da nama da madara su zama abin gina tsoka da jini da fata. Jini ya kai su ko'ina, kowane sashe na jiki ya haɗa sukarin da iskar da muke shaƙa ya fitar da ƙarfi da ɗumi.

Ta ce mu ɗauki jiki a matsayin murhun da ba a taɓa bari ya mutu, ko ana barci. Zuciya na bugawa, huhu na aiki, ƙwaƙwalwa na ci, kuma a ƙaramin yaro ƙwaƙwalwa kaɗai tana cinye kusan rabin ƙarfin da jiki ke ƙonawa yana kwance. Idan itacen da ake kawowa ya gaza, sai a fara da ɗan guntun da aka ajiye a hanta, wanda ko a babba ba ya wuce yini guda. Ya ƙare, a koma kan kitse. Kitse ya ƙare, sai a fara zare azarar ɗaki ana turawa a wuta, wato tsokar yaron kanta. Shi ya sa duwawunsa suka yamutse, damtsensa ya tsuke. Kuma ba tsokar waje kaɗai ke tafiya ba. Zuciya ma tsoka ce, ta yi rauni. Bangon hanji ya yi siriri, tsinkayen nan suka kwanta, ruwan narkar da abinci ya ragu. To yaron da ya kai nan, in ka ɗura masa abinci mai nauyi, hanjin ba zai iya tsotsewa ba, sai zawo, zuciyar kuma ba za ta iya ɗaukar lodin ba. "Da ruwan ciki ake jan na rijiya, Inna," in ji ta. "Narkar da abinci ma aiki ne, sai da ƙarfi. Bari mu fara mayar masa da ɗan ƙarfin tukuna."

Daga ranar Inna ta zama ita ce mai tashina idan lokacin madara ya yi. Malamar ta gaya mana cewa abin da ya fi ɗauke irin waɗannan yara cikin dare abu biyu ne: sukarin jini ya faɗi saboda babu ajiya a hanta, ko jiki ya yi sanyi saboda babu abin ƙonawa. Don haka ko ana zafi sai an sa masa hula an lulluɓe shi, kuma ba a tsallake madarar dare ko yana barci. Aka ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta duk da jikinsa ba zafi, don wai jikin da ya raunana haka ba ya ma iya yin zazzaɓin da zai nuna akwai cuta. Maganin ƙarin jini kuwa, da na roƙa saboda na ga tafin hannunsa ya yi fari, aka ce sai ya fara cin abinci sosai, domin a farkon nan sinadarin ƙarfe da ke cikin maganin yana iya ƙara wa cutar ƙarfi.

Akwai ranar da ba zan manta ba. Kumburin ya sabe, sai ainihin yaron ya fito. Ashe ruwan ne ya rufe mana ido. Haƙarƙarinsa ana ƙirgawa, fatar cinyarsa ta yi laɓa-laɓa, sikeli ya nuna ya ragu maimakon ya ƙaru. Inna ta juya fuska bango tana share hawaye da bakin mayafi, ta ce mun kawo shi da ɗan jikinsa ga shi an ƙarar. Ni ma gabana ya faɗi. Malamar ta ce wannan ragin shi suke jira, alama ce jiki ya fara daidaita. Bayan 'yan kwanaki kuwa, ina ba shi madara sai ya kama kofin da hannunsa biyu ya ƙi saki. Da ya shanye ya bi kofin da ido yana ƙananan kuka. Ban taɓa jin daɗin kukan yaro irin na ranar ba.

Daga nan aka koma ba shi abincin ledar nan, Plumpy'Nut, wanda ya ƙi a ranar farko. Gyaɗa ce aka niƙa da garin madara da sukari da mai, aka ƙara bitamin da sinadarai. Leda ɗaya giram 92 ce, tana ɗauke da kalori 500. Ba a dafawa, ba a haɗa ta da ruwa, shi ya sa ba ta saurin lalacewa kuma uwa za ta iya bayarwa a gida. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, wani likitan yara André Briend da wani masanin haɗa abinci Michel Lescanne, kuma a nan maƙwabtanmu ne aka ga amfaninsa a fili: a yunwar 2005 a Nijar, musamman yankin Maraɗi, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000, yawancinsu suna gidajen iyayensu. Da na ji haka sai na yi ta mamaki, gyaɗar da muke nomawa mu sayar a kasuwa ita ce aka sarrafa aka dawo mana da ita magani.

Kafin a sallame mu, ana tara iyaye mata a ƙarƙashin wata rumfa ana koya mana girki, kuma a nan ne na samu amsar tambayar Inna, yadda yaron da ke ci sau biyar zai kamu da tamowa. Tumbin yaro ɗan shekara ɗaya bai fi ya ɗauki kofi guda ba a zama ɗaya. Amma yaron da ke tsakanin shekara ɗaya da biyu yana buƙatar wajen kalori 900 a yini. Idan yana shan nono, nonon na ba shi kashi ɗaya cikin uku da ɗan ɗoriya, saura wajen 550 daga abinci. Wanda aka yaye kuwa dole duka su fito daga ɗan kofin nan. Koko tsararo yawancinsa ruwa ne, ko ƙarfin nonon uwa bai kai ba. Cikin zai cika, yaron zai yi shiru, amma abin da ya shiga jini kaɗan ne. Ga shi kuma hatsi zalla ne, babu abin gina tsoka sosai. Sun kuma gaya mana cewa samun ciki ba ya lalata nono, mai lafiyayyen ciki za ta iya ci gaba da shayarwa in dai tana cin abinci da kyau, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla wata 6, a ci gaba da ba shi tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Mu kuma mun san shekara biyun nan tun daga Alƙur'ani.

Wata mata ta ce, to idan aka yi kunun da kauri ai yaro ba zai iya haɗiya ba. Mai koyarwar ta ce ta yi tambaya mai kyau. Ta dama kunu mai kauri har ludayi na tsayawa a ciki, ta sauke ta bari ya ɗan sha iska, ta ɗebo wani gari cokali ɗaya ta barbaɗa, ta juya. Muna kallo, ba ta ƙara ko ɗigon ruwa ba, kunun nan ya fara saki, ya saki, har ya koma yana zuba daga ludayi. Ta mayar da shi wuta ya tafasa sau ɗaya, ta ba mu muka ɗanɗana, ya yi ɗan zaƙi ba tare da sukari ba. Garin tsiron gero ne. A jiƙa gero ya kwana, a shanya a kan jiƙaƙƙen buhu a rufe kwana biyu zuwa uku har ya tsiro, a busar a rana sosai, a murje saiwoyin da tsiron a sheƙe su, a niƙa. Hatsin da ya tsiro yana da irin sinadarin nan na miyau, shi ke farfasa sitacin tun a tukunya. Sai Inna ta ce, "Ashe abin da muke yi wa kunun zaƙi ne da garin dankali!" Shi ne kuwa. Hikimar tana hannunmu tun kaka da kakanni, ba mu taɓa kai ta kofin yaro ba.

Sauran darasin duk a kan abin da za a ƙara wa kunun ne. Mai ya fi komai ƙarfi: giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na hatsi ko na abin gina jiki kuwa 4. Ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana ƙara wajen kalori 40 ba tare da ya cika ciki ba, kuma sai da mai jiki ke iya tsotse bitamin A da ke cikin zogale da karas da kabewa, wanda ke kare ido da ƙarfafa jiki. Hatsi da wake kuma kowanne yana da abin da ɗayan ya rasa, idan aka haɗa su sai su cike wa juna. Shi ya sa ake soya gero da waken suya da gyaɗa a niƙa tare a ajiye garin. Waken suya dole ya soyu ko ya dahu sosai, gyaɗa kuma a tsince duk wadda ta yi funfuna ko ta yi ɗaci a zubar, don tana da guba mai cutar da hanta. Garin ƙuli-ƙuli, dakakken busasshen kifi, fara, awara, nono idan an samu, duk suna shiga. Shayi kuma a raba shi da lokacin cin abinci, domin yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe, lemo da gwaba da garin ƙwallon kuka kuwa suna taimaka masa. Idan zawo ya zo ba a daina ba da abinci, a ba da ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki, a ƙara ciyarwa bayan ya tsaya.

Maganar ƙwai ce ta fi wuya a gidanmu. Muna da kaji, da damina ga ƙwan zabi, amma duk na sayarwa ne, kuma an ce yaron da ya saba da ƙwai zai tashi da ɗauke-ɗauke. Da muka dawo na samu Malam bayan sallar isha'i na ce, "Malam, ina neman alfarma. A bar wa yaron nan ƙwai ɗaya kullum, ko da za a rage kuɗin cefane." Ya yi shiru, ya ce sai ya ji ta bakin Inna. Inna ta ce, "Ni da na kwana a asibitin nan na ga abin da na gani, a ba shi. Tarbiyya ke hana sata." Yaron ya warke sarai. Yanzu yana makarantar allo da ta boko, ko da yake har yau bai kai tsawon sa'o'insa ba, kuma an gaya mini cewa tsawon da yaro ya rasa kafin ya cika shekara biyu da wuya ya dawo duka. Ƙanwarsa da na haifa bayan dawowarmu nono zalla ta sha wata shida, har da dakashin farko da a da ake matsewa a zubar.

Yau ina cikin matan da ke zagayawa da tsirin awon damtse a ƙauyenmu da rugagen da ke kusa. Abin da nake gani ya sa ba na yarda a ce ilimi kaɗai ne matsalar. Akwai matar da ta san duk abin da na lissafa, amma a watan Yuli da Agusta babu ko gwangwanin wake a ɗakinta, mijin ya sayar tun da kaka don biyan bashin taki. Akwai wadda za a ba ledojin yaro ɗaya ta koma gida ta tarar da yara huɗu suna kallonta. Ina gaya mata gaskiya cewa wannan magani ne, idan aka raba shi mara lafiyar ba zai tashi ba, amma ba na iya zaginta. Waɗanda raina ke ɓaci da su su ne masu karkatar da ledojin nan zuwa kasuwa, da manyan da ke saye suna shafa wa burodi. Duk ledar da babba ya shanye, daga bakin wani yaro mai jan awo aka fizge ta.

Maza nake so su ji wannan labari fiye da mata, domin makullin rumbu a hannunsu yake. Bara da kaka na roƙi mai unguwarmu ya tara magidanta, na tsaya daga bayan zana na yi musu bayanin kofin yaro da abin da ke shiga cikinsa, na roƙe su kowa ya ware tiya biyu ta wake da tiya ɗaya ta gyaɗa da ba za a taɓa ba sai damina, na yaran gidan ne. Wasu sun yi, wasu sun ce sai baɗi. A gidanmu Malam ya bar mini kunya shida a gefen gona na zuba waken suya, kuma matan layinmu mun fara adashin gari: duk ranar Juma'a mutum ɗaya ke soyawa ta kai inji, a raba wa duk gidan da ke da yaro ƙasa da shekara biyu.